Babi na Shida: Farin Ruwa Bayan Buguwar Kai

Idan yaro ya faɗo daga soro ko daga kan mangwaro, ko babur ya kwashe shi a bakin titi, jini ake fara dubawa. In akwai jini hankali ya tashi, a nemi abin hawa a nufi asibiti. In babu, ko kuwa ɗan haɓo ne da ya tsaya da kansa, yaron ya yi kukansa ya gama har ya nemi abinci, sai a ce Allah Ya tsare, a shafa wa ƙulun man zafi, kowa ya kama harkarsa. Bayan kwana biyu uwa ta ga hancinsa yana ɗigar da ruwa fari tas, ta ƙofa ɗaya. Ta ce mura ce. Da hunturu ma ba za ta kula ba, tunda duk yaran gidan hancinsu na zuba.

Galibi murar ce kuwa. Amma akwai 'yan ƙalilan da ruwan nan daga cikin ƙoƙon kai yake fitowa, kuma fitowarsa shaida ce cewa hanya ta buɗe tsakanin ƙwaƙwalwa da cikin hanci, wurin da ba ya rabuwa da ƙwayoyin cuta ko a jikin mai ƙoshin lafiya. Hanyar da ruwa ya bi ya fito, ita cuta za ta bi ta shiga.

Ƙwaƙwalwa a lulluɓe take da tantani hawa uku. Na waje mai kauri ne, manne da ƙashin kai, biyun ciki kuwa sirara ne. Tsakanin na biyu da na uku ruwa ke gudana, ya kewaye ƙwaƙwalwa, ya gangara ya kewaye lakar da ke cikin ƙashin baya. Shi ne ruwan da likita ke zuƙowa da allura ta gadon baya idan yana zargin sanƙarau. A jikin babban mutum bai wuce mililita 150 ba, na yaro bai kai haka ba, amma jiki na sarrafa kusan rabin lita a kowace rana, yana shanye tsohon yana zuba sabo. Ƙwaƙwalwar babba ta kusa kilo ɗaya da rabi, amma da yake a cikin ruwa take iyo, nauyin da take ɗora wa ƙasan kai bai fi giram 50 ba. Wannan sarrafawar da ba ta tsayawa ita ce ke sa yoyo ya daɗe: ba tafki ba ne da zai ƙafe, kullum ana ƙara masa.

Likitocin dā sun ɗauka zubar ruwa daga ƙwaƙwalwa zuwa hanci abu ne na yau da kullum. Galen, babban likitan zamanin Rumawa a ƙarni na biyu, ya koyar da cewa majina dattin ƙwaƙwalwa ce da ke tsiyayowa, aka kuma riƙe wannan magana fiye da shekara dubu, har sai da wani Bajamushe, Conrad Schneider, ya nuna a 1660 cewa fatar cikin hanci ce ke yin majina. Wato tsakanin hanci da ƙwaƙwalwa a toshe yake, in dai ba wani abu ne ya fasa ba.

Abin da ke fashewa shi ne ƙasan ƙoƙon kai. Wannan ƙashin da ƙwaƙwalwa ta ɗoru a kansa, shi ne kuma rufin hanci, rufin kwarmin ido da rufin kunne. Saman kai yana da kauri, amma a ƙasan akwai wuraren da ba su kai kaurin milimita ɗaya ba. Mafi rauni shi ne wani ɗan faranti a saman hanci, tsakanin idanu biyu, mai huji-huji kamar rariya, inda jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. A nan tantanin ya kama ƙashi ƙam, in ƙashin ya tsage tare suke yagewa. Tsagewar ƙashi ita kaɗai ba ta kawo yoyo. Sai tantani ya yage, tsagar kuma ta faɗa cikin wani kogo mai iska da ke da mafita ta hanci ko ta kunne. Shi ya sa cikin duk waɗanda suka bugu a kai, kimanin biyu cikin ɗari ne ake samu da wannan matsala.

A nan ne yaro ya bambanta da babba, kuma bambancin ya cancanci a tsaya a kansa. Jariri kansa ne babba, fuskar 'yar mitsitsiya. Ana ƙiyasta cewa a ranar haihuwa ƙoƙon kai ya ninka fuska sau takwas, alhali a babban mutum bai fi ninki biyu zuwa biyu da rabi ba. Don haka ƙaramin yaro in ya faɗi, goshi ko gefen kai ke fara isa ƙasa, ba hanci ko muƙamuƙi ba. Sannan kogunan iskar da ke cikin ƙasusuwan fuska ba a haifar mutum da su cikakku. Na goshi ba ya ma bayyana sosai a hoto sai yaro ya kai shekara shida zuwa takwas, kuma ba ya gama girma sai an kusa shekara ashirin. Saurayi ɗan shekara goma sha shida in goshinsa ya daki kwalta, kogon nan ke fashewa, ruwa ya sami hanya kai tsaye zuwa hanci. Ɗan shekara huɗu ba shi da kogon tukuna, sai ƙarfin bugun ya zarce zuwa rufin kwarmin ido ya tsaga shi. Saboda haka yoyo ta hanci bai cika faruwa ga ƙananan yara ba. Nasu ya fi fitowa ta kunne.

Kunne yana cikin wani ƙashi mai tauri a gefen kai. In ƙashin ya tsage, dodon kunne kuma ya fashe, ruwan zai fito ta kunne, da farko gauraye da jini, daga baya ya koma fari. In dodon kunne bai fashe ba, ruwan sai ya taru a bayansa, ya bi ɗan bututun nan da ya haɗa kunne da bayan hanci, wanda kan buɗe in mutum ya haɗiyi yawu. Sai a ga ruwa ta hanci alhali raunin a kunne yake, ko kuma ya riƙa gangarawa maƙogwaro yaron yana haɗiyewa, ba wanda ya ga komai. Ta cikin wannan ƙashi ne kuma jijiyar da ke motsa fuska ta ratsa. Yaron da bakinsa ya karkace bayan faɗuwa, ido ɗaya ya ƙi rufuwa, a gida akan ce iska ce ta taɓa shi. A asibiti wannan alama ce da ke nuna daidai inda ƙashi ya tsage.

Akwai raunin da ya fi ba ni tsoro, don ba ya nuna kansa. Yaro yana gudu riƙe da fensir, ko tsinken tsire, ko kara, ya yi tuntuɓe, abin ya shige ta fatar ido ta sama ko ta hanci. A waje ɗan tabo ne da bai kai ƙwayar gero biyu ba, amma tsinin ya huda siririn ƙashin nan ya kai ga tantani, wani lokaci ma guntunsa ya karye a ciki. Itace ba ya fitowa sosai a hoton ƙashi na yau da kullum. In an tarar da abin a cake, kada a zare shi a gida. Wani kuma na 'yan ƙasa da shekara uku ne: ƙashin saman kai ya tsage, tantani ya yage, amma fata ba ta fashe ba, sai ruwan ya taru a ƙarƙashinta. Bugawar ƙwaƙwalwa mai girma tana ta tura bakin tsagar, cikin makonni ko watanni tsagar ta ƙara faɗi, a ga wani kumburi mai laushi yana harbawa a hankali. Irin wannan kumburi ba na wanzami ba ne. Aska ko ƙaho in suka taɓa shi, an buɗe wa cuta ƙofa har cikin ƙwaƙwalwa.

To, ta yaya uwa za ta bambance ruwan nan da na mura? Majina takan yi kauri bayan kwana biyu, ta canja launi, ta zo ta ƙofa biyu tare da atishawa da toshewar hanci. Wannan kuwa tsinkakke ne, yau da gobe kamarsa ɗaya, yawanci ta ƙofa ɗaya. Yakan ƙaru in yaro ya sunkuya: a ruku'u, a sujada, in ya duƙa kan allo, ko da safe in ya tashi zaune sai ya zubo gaba ɗaya. Ana iya tarar da matashin kai a jiƙe. Yaron da ya iya magana zai ce yana jin gishiri-gishiri a maƙogwaro, ko ya ce kansa na ciwo in ya miƙe tsaye, in ya kwanta ya lafa. Tsofaffin littattafai sun ce a ɗiga ruwan a farin ƙyalle, in jini ya tsaya a tsakiya wani farin zobe ya kewaye shi to ruwan ƙwaƙwalwa ne. Ba abin dogaro ba ne. Jini gauraye da hawaye ko yawu ma yakan yi zoben.

Alamomi biyu ne kuma ke nuna tsagewar ƙasan kai ko da ba a ga ruwa ba: taruwar jini a kewayen idanu biyu ba tare da an daki idon ba, da taruwar jini a bayan kunne, wadda wani likitan tiyata na Landan, William Battle, ya bayyana a 1890. Dukansu ba sa fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku. Hotunan da ɗaliban likitanci ke koyo da su kusan duk na farar fata ne, inda jinin ke fitowa shuɗi ɓaro-ɓaro. A fatarmu ɗan ƙarin duhu ne da kumburi, sai an fito da yaro haske, an lanƙwasa kunnen an duba, an kwatanta da ɗaya gefen. Shi kansa yoyon yakan yi jinkiri. Fiye da rabi na farawa cikin kwana biyu na farko, saura kuwa sai kumburi ya saɓe, gudan jinin da ya toshe tsagar ya narke, mako ɗaya ko uku bayan an manta da maganar faɗuwar.

Matsalar gida ita ce, duk abin da hannu ya saba yi wa hanci ko kunne mai zuba, a nan ɓarna yake yi. Uwa ta kama hancin yaro ta ce, "Fyace mana!" Fyacewa na tura iska da majina ta cikin tsagar zuwa cikin kai, iskar kan fito ƙarara a hoto, in ta yi yawa har ta danne ƙwaƙwalwa. Kaka ta ce, "Miƙo min shi nan in ɗiga masa man zaitun," ko ta aika a sayo maganin ɗigawa a kemis, ko a cusa auduga a kunnen don kada ya ɓata riga. Abin da aka ɗiga ba tsabtatacce ba ne irin tsabtar da ƙwaƙwalwa ke buƙata, audugar da aka cusa kuma tana tara ruwan ne ƙwayoyin cuta su hayayyafa a bakin ƙofa. Abin yi kaɗan ne: a ɗora tsabtataccen ƙyalle a waje ba tare da an danna ba, a kwantar da yaron kansa a ɗan ɗage, a kai shi asibiti a ranar. In atishawa ta zo masa ya yi ta baki buɗe. Ba wanka a kududdufi, ba shan lemo da tsinke. Yaron da ya fara sallah kuma a hana shi shaƙa ruwa da fyacewa a alwala. A mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi, biyun nan sunna ne, alwala ta inganta ba tare da su ba, kuma mara lafiya yana da sauƙin yin sallah da nuni maimakon kai goshi ƙasa.

A asibiti, magana ɗaya daga bakin iyaye tana iya sauya komai: "Likita, tun da ya faɗi ruwa ke zuba masa ta hancin dama, in ya sunkuya ya fi zuba." A faɗe ta tun a ɗakin karɓar gaggawa, kafin a kai ga sa wa yaro robar abinci ta hanci, domin an sha rubuta labarin robar da ta bi ta tsagar ta shige cikin ƙoƙon kai. Mai irin wannan rauni ta baki ake sa masa roba. In ana iya tarar 'yan ɗigo a kwalba mai tsabta, a tara. Gwajin da ya fi tabbaci shi ne na wani sinadari da ake kira beta-2 transferrin, wanda aka fara amfani da shi a 1979. Yana cikin ruwan ƙwaƙwalwa, babu shi a majina ko hawaye. Ba kowane asibiti ke da shi ba, ko a manyan birane. Tsinken gwajin sukari da wasu ke tsomawa a ruwan yakan yi ƙarya ta kowane ɓangare. Saboda haka a wurarenmu an fi dogara da labarin da iyaye suka bayar, da idon likita, da hoton na'urar CT mai yanka siri-siri, wanda shi ke nuna tsagar. Hoton ƙashi na yau da kullum sau da yawa ba ya ganinta, kuma "hoto bai nuna komai ba" ba ya nufin babu komai. Aikin na likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ne da na kunne, hanci da maƙogwaro, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa na Kano, Zariya da Sakkwato, da cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa a Kaduna, da babban asibitin Yamai.

Sai kuma jira, wanda shi ne ya fi yi wa iyaye wuya. Mafi yawan irin wannan yoyo yana tsayawa da kansa cikin kwana bakwai zuwa goma, na kunne ma ya fi saurin tsayawa. Ana kwantar da yaro an ɗaga kan gado kimanin digiri 30, a ba shi abin da zai sassauta bayan gida don kada ya yi yunƙuri, a kwantar masa da tari da amai, ana auna zafin jikinsa ana duba wuyansa. Uba ya zo ya ga kwana biyar ana biyan kuɗin gado, ba allura ba ƙarin ruwa, sai ya ce, "Malama, in dai kwanciya ce ai muna da gado a gida." Yana da hujjarsa, aljihunsa ne ke ji. Abin da ake saye da kuɗin gadon shi ne idon da zai ga zazzaɓi a sa'ar da ya fara. In mako ya wuce ruwa bai tsaya ba, akan sa siririyar roba a gadon baya ta riƙa janye ruwan kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki, don matsi ya ragu tantanin ya sami damar haɗewa.

Shin a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta tun kafin cuta ta shiga? Hankali zai ce a bayar. Bincike bai goyi bayan haka ba. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon gwaje-gwajen magani, ta duba gwaji biyar da aka yi kan majinyata 208 masu tsagewar ƙasan kai, ta kuma bayyana a 2015 cewa ba a ga maganin ya rage kamuwa da sanƙarau ba. Adadin bai da yawa, shi ya sa har yau likitoci ke saɓani, musamman in raunin buɗaɗɗe ne mai datti. Amma kafso ɗin da aka sayo a kemis ana ba yaro rabi-rabi ba ya cikin wannan saɓani: yana dusashe alamomin cuta ne, ya kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai.

Mutanen arewa ba sa buƙatar a yi musu bayanin sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da dubu ɗari a Nijeriya, ta kashe fiye da dubu goma sha ɗaya. Sai dai waccan ƙwayar cuta ce mai yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a lokacin zafi da ƙura. Sanƙarau ɗin da ke biyo bayan yoyo yawanci wata ƙwaya ce daban, wadda ke kawo ciwon huhu, tana zaune lafiya a hancin yara da yawa, tana jiran hanya. Ba ta da bazara ba ta da damina, kuma allurar da ake yi lokacin annoba ba ta kare ta. Rigakafinta shi ne wanda ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14, wanda Nijeriya ta fara shigarwa cikin jadawalinta a ƙarshen 2014. Shi ma wasu nau'o'in kawai yake karewa daga cikin fiye da 90, don haka likitoci kan ƙara wa yaro mai yoyo wata allurar. Haɗarin na ƙaruwa in yoyon ya wuce mako guda. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, amai, ƙin haske, sanƙarewar wuya, magagi, jijjiga, ko kumburin maɗiga ga jariri: ɗaya daga cikinsu ya isa a koma asibiti cikin dare. Kada a tsaya a kan cewa gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro. A ƙasarmu yaro na iya ɗauke da duka biyun.

Tsayawar ruwa ma ba kullum take nufin an warke ba. Wani lokaci fatar hanci ce, ko ɗan tsokar ƙwaƙwalwa, ta toshe ramin. Ruwa ba ya fita, amma shingen siriri ne. Irin wannan yaro na iya yin sanƙarau bayan shekara biyu ko biyar, ya warke, ya sake yi. Duk yaron da ya yi sanƙarau sau biyu, likita zai nemi rami a ƙasan kansa, kuma tambayar farko ita ce ko ya taɓa buguwa a kai.

In ruwa ya ƙi tsayawa, ko ramin babba ne, ko sanƙarau ya shiga, sai tiyata. Walter Dandy na asibitin Johns Hopkins a Amurka shi ya fara yin nasarar ɗinke irin wannan yoyo a 1926: ya buɗe ƙoƙon kai, ya yi faci da tantanin da ya yanko daga cinyar majinyacin. A 1948 Gösta Dohlman na Suwidin ya isa ramin ta gefen hanci ba tare da buɗe kai ba, a 1981 kuma Malte Wigand na Jamus ya yi aikin da siririn madubi mai fitila ta ƙofar hanci. Yau wannan ce hanyar da aka fi bi, ana toshe ramin da kitse, tantani ko fatar cikin hancin majinyacin, kuma fiye da tara cikin goma na warkewa a karon farko. Ga ƙaramin yaro aikin ya fi wuya, don ƙofar hancin ƙunci gare ta, fatar da za a yanko kuma ba ta da faɗi. Har yanzu ana buɗe kai in ƙashin goshi ya farfashe ko guntunsa ya shiga ƙwaƙwalwa. In kuma ƙasusuwan fuska ne suka karye suka goce, mayar da su mazauninsu kaɗai yakan tsayar da yoyon. Likita dai yana kaffa-kaffa da inda zai ɗaura ƙusa, domin haƙoran dindindin na yaron suna kwance cikin muƙamuƙi ba su fito ba.

Bayan sallama akwai sauran aiki. Makonni huɗu zuwa shida ba fyace hanci, ba ɗaukar bokitin ruwa, ba ƙwallo ba kokawa. Yaron da raunin ya bi ta kunnensa a gwada jinsa bayan wata ɗaya ko biyu, lokacin da jinin da ya taru ya washe. In jin bai dawo ba a gaya wa malaminsa ya zaunar da shi a gaba, lafiyayyen kunnen yana fuskantar allo. Wanda raunin ya bi ta rufin hancinsa kuma a gwada shi da turare ko lemun tsami ido a rufe, ƙofa ɗaya bayan ɗaya. In jijiyoyin sun tsinke, jin ƙamshi sau da yawa ba ya dawowa, kuma yaro ba zai kawo ƙara ba, sai dai a ga ya rage cin abinci. Irin wannan ba zai ji warin gas ba, ko ƙaurin wayar wuta, ko tsamin miyar da ta kwana, don haka duk wanda zai riƙe shi, gwaggo ce ko malamin makarantar kwana, sai an gaya masa.